Bayan An Kwance Zare: Makomar Zakarun Dambe da Kokawa a Bakin Iyakar Jibiya

Daga Farfaru a ƙaramar hukumar Jibiya zuwa birnin Maraɗi ba wata doguwar tafiya ba ce. Mota ta bar Magama da ke bakin iyaka, ta wuce shingayen kwastan da na jami'an shige da fice, ta faɗa Ɗan Isa, kafin direba ya gaji ta shiga Maraɗi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a nan a farkon ƙarni na 20, amma mutanen da layin ya raba dangin juna ne. Katsinawan da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi su ne suka raya Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkinta ke amsa sunan Sarkin Katsinan Maraɗi. Ruwan da ke kwance a madatsar Jibiya ma can yake gangarawa, ya zama Gulbin Maraɗi. Ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, kuma da zarar an kai amfanin gona gida, kiɗan da ke tashi a dandali iri ɗaya ne: kalangun 'yan dambe da gangar 'yan kokawa.

Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san yadda zakara ke tasowa. An san yadda yaro ke fara kokawa a kan yashin gulbi, yadda yake kayar da sa'o'insa, yadda makaɗi ke yi masa take har sunansa ya tsallaka iyaka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne yadda zakaran ke sauka. Ranar da ya kwance zare ko ya cire guraye, ina yake komawa, kuma wa ke riƙe shi?

Lokacin da gona ke jiran kowa

A da, wannan tambaya ba ta da nauyi, domin dambe da kokawa wasannin kaka ne. Dambe na mahauta ne tun asali. Rundawa kan bi garuruwa lokacin bukukuwan kaka, su yi fawa da rana, da yamma a share fili su sa zare da samarin garin da suka sauka. Kokawa kuwa ta manoma ce. Ƙauye kan gayyaci ƙauye, a yi kwana biyu ko uku ana kaye, baƙi su ci tuwon masu masauki su koma gida. Abin da gwani ke samu bai wuce goro, riga, damin gero, wani lokaci akuya, sai kuma farin jini a wurin 'yan mata.

Saboda haka barin wasa ba ya zama faɗuwa. Saurayi ya yi shekarunsa yana tashe, ya yi aure, nauyi ya hau kansa, sai ya ja da baya ya bar wa ƙannensa fili. Gonarsa tana nan, wuƙar fawarsa tana nan, domin bai taɓa barinsu ba. In an buga takensa a wurin biki, ya miƙe ya ɗaga hannu, jama'a su yi shewa, ya koma ya zauna cikin dattawa. Wanda ya yi fice sosai a naɗa shi Sarkin Dambe ko Sarkin Kokawa, ya zama shi ke raba gardama a fili, shi ke saukar da baƙi. Gari ne ke riƙe tsohon zakaransa, kuma riƙon bai yi wa kowa nauyi ba.

Ko manyan da sunansu ya game ƙasar Hausa daga irin wannan rayuwa suka fito. Matasa da yawa a yau sun san Shago da Ɗandunawa ne ta bakin Ɗan Anace, mawaƙin da ya sa damben ƙasar Sakkwato da Zamfara ya shiga rediyo da kaset. Waƙa ta adana sunayensu fiye da yadda kowace takarda ta yi. Sai dai zamanin nasu shi ne kuma mafarin sauyi, domin a lokacin ne aka fara kewaye fili da zana, aka sa mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa.

Takobin 1975 da gidajen dambe

A tsallaken iyaka, sauyin yana da shekarar da za a iya nunawa. A 1975, shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki kuma ƙasar na farfaɗowa daga farin da ya cinye dabbobi da amfanin gona, gwamnatin Nijar ta shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa. Wanda ya ɗauki takobin farko, wato kyautar zakaran gasar, ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu. Daga nan kokawa ta tashi daga dandalin ƙauye ta zama al'amarin ƙasa. Gasar na zagaya jihohi. A tsarin yanzu kowace daga cikin jihohi 8 na kawo 'yan kokawa 10, su 80 ke nan, a yi ta kaye har mutum ɗaya ya rage wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba. Gidan rediyon Voix du Sahel da talabijin na Télé Sahel na watsawa kai tsaye, kuma muryar rediyo ba ta tsayawa a shingen kwastan. A ƙauyukan Jibiya ana kasa kunne kamar yadda ake yi a Madarumfa, kuma in ɗan Maraɗi ya yi kaye, murnar ta kowa ce.

Sunayen zakarun farko sun zauna daram: Kantu na Maraɗi, Salma Ɗan Rani na Dosso, Kadade na Tawa, Langa-Langa na Damagaram. A yau filin kokawa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Dosso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Wannan karramawa ce ta gaske, kuma Nijar ta cancanci yabo a kanta. Amma takobi ɗaya ne a shekara. Bayan kowane zakara akwai mutum goma-goma da suka sha atisaye iri ɗaya, suka gurɗe a fili ɗaya, suka koma gida da ɗan abin da aka liƙa musu. Su ma sun tsufa, kuma babu bangon da aka rubuta sunansu a kai. Zakarun wannan zamani, irin su Issaka Issaka na Dosso wanda ya ɗauki takobi sau da dama, na samun kyautar miliyoyin sefa. Waɗanda suka share musu hanya ba su ga irin wannan kuɗi ba.

A ɓangaren Najeriya ba gwamnati ce ta sauya dambe ba, birni ne. Ɗan ci-rani ya tafi Kano, Kaduna, Legas, daga baya Abuja, dambe ya bi shi. Aka buɗe gidajen dambe na dindindin, irin na Dei-Dei a Abuja da na Alaba Rago a Legas da dandalin Ado Bayero a Kano, inda ake sa zare rani da damina. 'Yan wasa suka kasu ɓangare uku, Kudu da Arewa da Guramaɗa, kowane da magoya bayansa. Aka fara sa babur da mota a gasa. Sai ga saurayin da a da zai yi wata biyu yana dambe ya koma gona, yanzu ya shekara goma yana yawo daga wannan gida zuwa wancan, ba ya shuka ba ya girbi, bai koyi fawa ba, bai zauna a makaranta ba. Wasa ya zama sana'a, amma bai zo da abin da sana'a ke zuwa da shi ba: ba albashi tsayayye, ba asusun jinya, ba tanadin tsufa.

Hannun da ya sha zare

Wanda yake son sanin kuɗin da ɗan dambe ke biya, ya tsaya kusa lokacin da ake ɗaure masa hannu. Ya dunƙule yatsu, a naɗe su da ƙyalle, sannan a ɗauko zare mai kauri a fara zagayawa daga wuyan hannu zuwa kan dunƙulen, ana ja ana matsewa, mai ɗaurin na taka ƙafa yana tauna leɓe, har hannun ya sandare ya yi tauri. Da shi zai yi turmi uku yana kai naushi, ɗaya hannun a buɗe yana kare fuska. In an tashi aka kwance, yatsun kan ɗauki lokaci kafin su miƙe. A maimaita wannan sau biyu ko uku a mako, shekara da shekaru. Shi ya sa ake gane tsohon ɗan dambe tun daga musabaha: gaɓoɓin yatsu sun kumbura, wani yatsan ya karkace bai koma ba, ga tabon tsaga jere a damtse inda aka sha zuba magani. Wani haƙoran gaba sun tafi, wani ido ɗaya ya dushe, wani kuma in yana magana sai ka ji harshen ya yi nauyi. Likitocin da suka yi nazarin damben zamani sun daɗe da tabbatar da cewa yawan dukan kai na taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar kan fito ne bayan an bar wasa. Ɗan kokawa nasa rabon a gwiwa yake, da kafaɗa, da ƙugu.

Ba a cika yin bikin sallama ba. Yawanci abin kan zo ne a yammaci ɗaya, lokacin da yaron da bai kai ƙaninsa ba ya yi masa kisa a turmin farko, 'yan kallo suka ruga suka ɗaga yaron, makaɗi ya juya kalangu ya bi sabon gwani. Wani ya nemi ramuwa, a sake buge shi. Wani mahaifiyarsa ce za ta ce, "Ɗan nan, ya isa haka," ya bi umarni. Wani ya je Makka ya dawo ya ce ya tuba da layu da guraye. Wani karaya ce za ta yanke masa hukunci, a kai shi wurin mai ɗori, daga nan shiru. Akasarinsu ba su kai shekara arba'in ba lokacin da hakan ke faruwa, ga mata ga 'ya'ya, ga sauran rayuwa mai tsawo a gaba.

Kuɗin da ya shigo lokacin tashe kuwa ba ya zama. Abin da aka liƙa wa ɗan wasa a fili ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai rabon makaɗa da maroƙa, akwai na mai ba da sa'a, akwai na yaran da ke riƙe masa kaya, akwai 'yan garinsu da suka zo gaisuwa. Zakaran da ya ƙulle hannu sunansa ba ya tafiya, don haka kyauta wani ɓangare ne na sana'ar. Mutane kan ce 'yan wasa ba su da tattali. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma wanda kuɗinsa ke zuwa yau da yawa, gobe babu, kuma al'ada ta ɗora masa rabawa, ko malamin lissafi ne zai sha wuyar tarawa.

An taɓa yin haka a Amurka

Wannan hali ba na ƙasar Hausa kaɗai ba ne. Duk wasan da ya tashi daga nishaɗi ya zama sana'a, zubin farko na 'yan wasansa ne ke faɗawa tsakani. Misali mafi bayyana shi ne besbol, wasan Amurkawa da ake jefa ƙaramar ƙwallo wani ya doke ta da kulki. A 1869 ne ƙungiyar Cincinnati Red Stockings ta fito fili tana biyan dukkan 'yan wasanta albashi. A 1876 aka kafa babbar gasar National League, kuma a 1879 masu ƙungiyoyi suka ƙulla wata ƙa'ida da ta ɗaure ɗan wasa ga ƙungiyarsa, ba shi da ikon komawa inda za a fi biyansa. In ƙarfinsa ya ƙare, a sallame shi hannu rabbana.

Waɗanda suka tsira su ne masu wata madafa. Albert Spalding ya buɗe shagon kayan wasanni a Chicago a 1876, ya daina wasa tun bai kai shekara 30 ba, ya zama hamshaƙin attajiri. John Montgomery Ward ya karanci shari'a yana cikin wasa, ya jagoranci kafa ƙungiyar 'yan wasa ta farko a 1885, ya ja su suka kafa gasar kansu a 1890 wadda ta rushe bayan kaka ɗaya, sannan ya ajiye wasa a 1894 ya koma aikin lauya. Amma ga Charles Radbourn, wanda a 1884 ya yi wa ƙungiyar Providence jifan da har yau ake ba da labarinsa, yana fita fili kusan kullum da hannu mai ciwo. Ya bar wasa a 1891, ya buɗe mashaya a Bloomington, ya mutu a 1897 yana ɗan shekara 42. Ga kuma Grover Cleveland Alexander, wanda ya ci wasa 373, ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya da farfaɗiya da shaye-shaye, ya ƙare yana ba da labarin bajintarsa a wani gidan nuna abubuwan ban mamaki a New York don ya sami na abinci. Ya mutu a ɗakin haya a jihar Nebraska a 1950, alhali sunansa na cikin zauren karrama gwanaye.

Sai a 1947 aka kafa wa 'yan besbol asusun fansho, kuma kuɗinsa daga cikin wasan ya fito: daga abin da ake samu a wasan fitattun 'yan wasa na shekara-shekara, da kuɗin watsa wasannin ƙarshe. Duk da haka waɗanda suka yi ritaya kafin shekarar ba a sa su ciki ba. Sai bayan kusan shekara hamsin aka waiwayi 'yan kaɗan da suka rage da rai. Darasi biyu ke nan. Na farko, kuɗin riƙe tsohon ɗan wasa yana cikin wasan kansa, in an yarda a ware. Na biyu, in aka yi jinkiri, waɗanda suka fi cancanta sun riga sun tafi.

Ƙofofin da suka rufe a bakin iyaka

Tsohon ɗan wasa daga yankin Jibiya yana da hanyoyi biyu da ya saba komawa: gona da harkar iyaka. Dukansu sun ƙuntata. Shekarun da 'yan bindiga suka yi suna addabar yammacin jihar Katsina, daga Jibiya zuwa Batsari da Safana, sun raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa da gari. Wasu ƙauyuka sun watse, mutanensu sun tare a cikin garin Jibiya, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Taron dare da ake yi a dandali bayan girbi ya ragu a wurare da dama, kuma da shi ne tsohon zakara ke samun ɗan goro da girmamawa.

Harkar iyaka ita ma haka. Mai ƙarfin jiki kan samu na cefane a dako, lodin mota, acaba tsakanin Magama da Ɗan Isa, ko kamasho a tasha. A watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokin ƙasa, daga baya ta hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An buɗe wasu iyakokin a Disamban 2020, amma ta Jibiya sai a Afrilun 2022. Ba a daɗe ba sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake rufewa, har zuwa Maris ɗin 2024 da Najeriya ta janye takunkumi. Kowace rufewa na nufin motoci a tsaye, 'yan dako a zaune. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa ta Jibiya, kuma ana sa ran zai motsa kasuwa, amma mutumin da gwiwarsa ta lalace yau yake buƙatar magani.

Abin da ya rage wa da yawa shi ne zaman gefen fili. Za ka gan shi a gidan dambe yana ɗaure wa yara hannu, ko yana alƙalanci, ko yana gadin ƙofa. Yaran na rusunawa su ce, "Baba, a sa mana albarka," in an tashi a damƙa masa abin da ya sawwaƙa. Sunayen da 'yan dambe ke ɗauka ma shaida ne cewa sun san darajar na gaba: wannan Shagon wane, wancan Bahagon wane, wancan Autan wane, kowa na jingina kansa da maigidan da ya rene shi. Zumuncin yana nan da ransa. Abin da babu shi ne tsarin da zai mai da shi haƙƙi, yadda dattijo ba sai ya jira tausayin yaro ba.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Kuɗi na shiga waɗannan wasanni fiye da kowane lokaci a baya. Ana biya a ƙofa, 'yan kasuwa da 'yan siyasa na sa mota da babur, kamfanoni na tallata hajarsu a gasar takobi, kuma bidiyon dambe na samun miliyoyin masu kallo a YouTube da Facebook, har daga ƙasashen da ba su san inda Katsina take ba. Ba a rasa abin da za a ware ba.

Matakin farko shi ne rajista. Shugabannin Kudu da Arewa da Guramaɗa sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, haka sarakunan dambe da na kokawa a garuruwa, haka hukumar kokawa ta Nijar. A rubuta sunan duk wanda ya yi shekaru yana wasa kuma yana raye, da garinsu, da halin da yake ciki. Na biyu, kowane gidan dambe da kowace gasa su ware wani kaso sananne daga kuɗin ƙofa da na talla, a zuba a asusun da tsofaffin 'yan wasa ke cikin masu sa hannu a kansa, a fara da jinya. Masu ɗora bidiyo a intanet su ma su sa nasu, domin da jinin wani suke samun masu kallo. Na uku, hukumomin lafiya na jihohi su shigar da waɗannan mutane cikin tsarin taimakekeniyar lafiya, kuma kada a bar wasa ya gudana ba ma'aikacin lafiya a gefen fili. Na huɗu, masu gidajen dambe su ɗaure wa yaransu gindi su koyi sana'a tun suna tashe, ko fawa ce, ko tuƙi, ko kiwo, yadda ranar kwance zare ba za ta zo musu a ba-zata ba.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan jami'o'i da gidajen rediyo na Katsina da Maraɗi: su je su naɗi muryoyin waɗannan dattawa. Su ne suka san wanda ya kayar da wa, a wane gari, a wace kaka, da yadda ake shiga da fita kafin a fara rubuta dokoki. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma makarantun da ke son koyar da wasannin gargajiya ba za su sami malaman da suka fi su ba, in har za a biya su ladan koyarwa.

Iyakar Jibiya wuri ne da ya dace a fara. Mutanen Katsina da Maraɗi na da zumuncin da ya girmi shingen kwastan, 'yan wasan ɓangarorin biyu sun saba karawa da juna, 'yan kallo kuma ɗaya ne. Gasa ɗaya a shekara, bana a nan baɗi a can, wadda za a sanar tun farko cewa kuɗin ƙofarta na tsofaffin zakaru ne, za ta nuna ko da gaske muke yi. Waɗanda suka yi tashe a shekarun 1970 da 1980 sun manyanta, kullum raguwa suke. Duk abin da za a yi musu, a yi shi suna da rai.